Tambaya kan yawan nau'o'in jemagu a manyan dazuzzukan kurmi

Malam Sani, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a nan Kaduna. A makon jiya ina koyar da darasi kan dabbobi masu shayarwa, sai na gaya wa ɗalibai cewa jemagu sun fi yawa a manyan dazuzzukan kurmi inda ruwan sama ba ya daɗewa da ɗaukewa, irin na Kuros Riba da Kwango da Amazon. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu da muke ganin jemagu suna tashi daga itatuwan unguwarmu bayan magariba har ba a iya ƙirga su, ta yaya wani daji zai fi mu?" Na ba ta amsa, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba, kuma ba na son yarinya mai irin wannan lura ta tafi da rabin bayani. Ina roƙon masu sani su fayyace mini dalilin da ya sa kurmi ya fi ƙasarmu, da kuma yadda jemagun suka rarrabu a tsakanin dazuzzukan duniya.

Malama Hauwa, Malali:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ɗalibarka ta yi gaskiya a abin da idonta ya gani, kai ma ka yi gaskiya, sai dai abubuwa biyu ne suka haɗu a cikin kalmar "yawa". Akwai yawan ɗaiɗaikun jemagu, akwai kuma yawan nau'o'insu. Garken da ke tashi daga itatuwan gari yana iya kai dubbai, amma idan aka duba da kyau za a tarar kusan duk nau'i ɗaya ne. A cikin kurmi kuwa, mai bincike yana iya kafa raga dare ɗaya ya kama jemagu kaɗan, amma kowane ɗaya da irin hancinsa da kunnensa da abincinsa.

An san nau'o'in jemagu fiye da 1,400 a duniya, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan dabbobi masu shayarwa, kuma adadinsu yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka kusanci tsakiyar duniya inda zafi da ruwan sama suka fi yawa. Indunisiya da Kolombiya kowace tana da nau'o'i sama da 200. A ƙasar Fanama akwai wani tsibiri mai suna Barro Colorado, wanda faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 15 ne kawai, amma an samu nau'o'in jemagu fiye da 70 a cikinsa, abin da ya zarce na nahiyar Turai gaba ɗaya.

Dalilin farko shi ne abinci ba ya yankewa. A nan Kaduna muna yin kusan wata biyar ko shida babu ruwa, ƙwari su ragu, itatuwa da yawa su zubar da ganye, saboda haka jemagen da zai zauna da mu shekara guda cur dole ne ya zama mai haƙuri da duk abin da ya samu. A kurmi kuwa, idan wannan itace ya gama 'ya'ya wani ya fara, don haka nau'i guda yana iya keɓe kansa ga ɓaure kaɗai, wani ga ruwan zaƙin fure, wani ga ƙwarin da ke kwance a kan ganye, ba tare da yunwa ta kashe shi ba. Dalili na biyu, wanda ni ya fi burge ni, shi ne kurmi hawa-hawa yake kamar bene. Jemagun da ke farauta a sararin da ke saman itatuwa suna da fukafukai dogaye sirara domin gudu. Waɗanda ke cikin sarƙaƙiyar ƙasa fukafukansu gajeru ne masu faɗi, domin su iya juyawa a tsakanin rassa, kuma sautin da suke fitarwa su saurari amsa-kuwwarsa ya dace da wurin da ganye ya cunkushe. Ta haka ne nau'o'i da yawa suke zama a daji ɗaya ba tare da sun ci abincin juna ba. Ga kuma wuraren kwana: kogon dutse, kogon itace, ƙarƙashin ɓawo, har akwai wani ɗan farin jemage a Amurka ta Tsakiya da ke ciccije jijiyar babban ganye ya lanƙwasa shi ya zama masa rumfa.

Game da rarrabuwa, abin da ya kamata ɗalibai su riƙe shi ne manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace, masu manyan idanu da fuska irin ta kare, a Afirka da Asiya da Ostireliya da tsibiran da ke kewaye kaɗai ake samunsu. Babu su ko ɗaya a nahiyar Amurka. A can wani dangi ne dabam, masu wata fata kamar ganye a kan hanci, ya ɗauki wannan aiki, kuma a cikin dangin nan guda akwai mai cin 'ya'yan itace, da mai shan fure, da mai kama kwaɗi, da kuma nau'o'i 3 masu shan jini. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ka faɗa wa yara, domin babu jemage mai shan jini a Afirka.

Alhaji Garba, Rigachikun:

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ni mai lambu ne, kuma zan faɗi gaskiya, tsakanina da jemage babu shiri. Duk shekara idan mangwaro da gwaiba suka nuna, da safe sai in tarar da ƙasa cike da waɗanda aka gatsa aka yar. Abin da nake son sani shi ne, waɗannan masu zuwa da yawa lokaci guda sannan su ɓace, daga ina suke, kuma ina suke tafiya? Idan 'yan kurmi ne, me ya kawo su lambuna?

Yakubu, Kafanchan:

Baba Alhaji, asararka gaskiya ce, kuma ba wanda zai raina ta. Amma ina so in ƙara wani abu da mu mutanen kudancin jihar nan muke gani. Ba sai an je Kuros Riba ake ganin kurmi ba. A gindin duwatsun Kagoro da bakin rafukanmu akwai ragowar daji mai duhu wanda itatuwansa da tsuntsayensa irin na kudu ne, kuma irin waɗannan kurame su ne hanyar da dabbobin daji mai ruwa suke bi su shigo ƙasar ciyawa. Tun ina yaro nake ganin ana sare su ana yin gona da gawayi.

Sannan itatuwan da muke ci daga gare su, da yawansu jemage ne ke yi musu barbara. Furen ɗorawa da daddare yake fitar da zaƙinsa, haka furen kuka da na rimi da daddare suke buɗewa, kuma jemagu ne ke lasar su, su ɗauki garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Duk wanda ya ci tuwo da miyar kuka da daddawa, aikin jemage ya shiga tukunyarsa. Su ne kuma ke ɗaukar 'ya'yan kaɗanya su ci naman su yar da ƙwallon a wani wuri nesa da uwar.

Malama Hauwa, Malali:

Alhaji, bisa yadda ka kwatanta, wato masu zuwa garke guda su rataya a fili a kan manyan itatuwa suna hayaniya da rana, mafi kusa su ne waɗanda masana ke kira Eidolon helvum, masu gashi ruwan ƙasa-ƙasa da ɗorawa-ɗorawa a wuya. Waɗannan matafiya ne. A Afirka ta Yamma suna taruwa a yankin kurmi lokacin rani, idan damina ta kama sai su biyo ruwa zuwa arewa inda itatuwa ke 'ya'ya, sannan su koma. Saboda haka amsar tambayarka ita ce 'yan kurmi ne kuma 'yan ƙasarmu ne, kamar yadda makiyayi yake na mashekari kuma na ruga. Irinsu ne ke taruwa miliyoyi a gandun dajin Kasanka na ƙasar Zambiya daga watan Oktoba zuwa Disamba, kuma waɗanda aka ɗaura wa na'ura a can an ga sun yi tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Su ne manyan masu yaɗa irin itacen loko, wanda ake yin katako mai tsada da shi. Game da lambu, lulluɓe itace da raga ko tsinke 'ya'yan da zarar sun ƙosa ya fi harbi amfani, domin jemage ya fi bin wanda ya nuna sosai, kuma yawancin jemagu ɗa guda suke haifa a shekara, don haka garken da aka karkashe yana daɗewa bai farfaɗo ba.

Amma waɗannan matafiyan ba su ne abin damuwata ba, domin suna iya tsallake gona da gari. Ƙananan jemagun cikin sarƙaƙiya su ne ba sa iya ƙetare fili, kuma idan aka sare dajinsu aka bar shi gutsi-gutsi, a nan suke ƙarewa. Nijeriya tana da nau'o'in jemagu kimanin 100, kuma yankin da ya fi arziki shi ne inda kurmi ya haɗu da tsaunuka a kan iyakarmu da Kamaru. A shekarar 2016, wata masaniya 'yar Nijeriya, Iroro Tanshi, ta gano wani ɗan ƙaramin jemage mai gajeren wutsiya a dajin tsaunin Afi na jihar Kuros Riba, bayan an yi shekaru 45 ba a gan shi ba, kuma babban abin da ke barazana gare shi shi ne gobarar daji da ke tashi daga share gona. A 2021 ma an bayyana wani sabon nau'i mai launin lemo daga tsaunukan Nimba na ƙasar Gini. Wato har yanzu ba a gama sanin abin da ke cikin dazuzzukan yankinmu ba. A kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne kuma ake samun jemage mafi girma a nahiyar, mai kai kamar guduma, wanda faɗin fukafukan namijinsa ke kusan mita ɗaya, kuma mazan kan jeru a itatuwan bakin kogi suna kuka da daddare domin mata su zaɓa.

Malam Sani, ka kuma gargaɗi ɗalibai kada su taɓa jemage da hannu, kada su ci 'ya'yan itacen da ya gatsa, domin wasu nau'o'in suna ɗauke da ƙwayoyin cuta, kamar yadda aka tabbatar da cutar Marburg a jikin wani nau'i mai kwana a kogo.

Malam Sani, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Malama Hauwa, da Alhaji, da ɗan'uwa Yakubu. Yanzu na gane inda amsata ta gaza, domin ban raba yawan garke da yawan nau'i ba. Zan sa ɗalibai su riƙa rubuta watan da garken unguwarsu yake zuwa da watan da yake tafiya, da irin itacen da yake sauka a kai, mu gani ko zai dace da zuwan damina kamar yadda Malama ta bayyana. Yakubu, idan da hali ka aiko mini da hoton furen ɗorawa da aka ɗauka da daddare, ina so in nuna musu a aji.