Musayar Waƙa: Wa Ya Kashe Sarkin Noma?

Mai Shirya Wasa, Ringim:
Jama'a, ga katin wasan wannan mako. An tsinci Sarkin Noma a mace gindin rumbunsa da asubahin Juma'a, 26 ga watan Musulunci, lokacin kaka. Rauni ɗaya ne a gefen kansa na dama, gawa ta sandare har gwiwa. Akwai sawun takalmin taya da raɓa ta kwanta a kai, da sawun shanu a bakin gona. Mutum huɗu ake zargi: makiyayi, ɗan ƙodago, maƙwabcin da suke rikicin iyaka, da dillalin da direbobi suka shaida a Maigatari ya kwana bayan kasuwar Alhamis. Maƙwabcin ya ce ya ga makiyayi da sanda a farin wata bayan Isha. A amsa da waƙa. Zargin da ya rushe, maki 2 sun zube.

Ɗan Gezawa:
Ga sawun shanu kowa ya gani,
Ga mai shaida ya ba da bayani,
Me ya rage na dogon tunani?
Makiyayi ne, ku bar neman wani.

Hajiyar Kazaure:
Ƙanena ka yi saurin hukunci,
Garaje shi ke jawo zalunci.
Shanu sun bi nan neman abinci,
Tun da aka girbe kara suke ci.
Raɓa ce za ta nuna ma lokaci.

Sawun da raɓa ta lulluɓe, tun farkon dare aka taka shi. Wanda aka taka bayan ta sauka, yakan goge ta. Takalmin tayar nan za ku bi.

Na Dambatta:
Ku dubi yadda gawa ke sandarewa,
Daga muƙamuƙi da wuya take somawa,
Bayan awa 2 zuwa 6 da mutuwa,
Sannan hannu, a ƙarshe ta kai gwiwa.
Awa 12 jiki duk ya gama ƙagewa,
Zafi ko na sa ta saurin kamawa.
Ke nan wajen Isha aka yi kashewa,
Dillali na Maigatari, sai hantsi ya samu dawowa.

Uwar Gida, Ɓaɓura:
Allah ya ƙara basira, Malam! Mu dai Dambatta muke bi.

Ɗan Gezawa:
Ɗangonka ya fi igiyar guga tsawo,
Amsa-amon "wa" ko yaro zai kawo.

Malam, ɗangon farko, wato layin farko na waƙarka, gaɓa 12, na ƙarshe 17. Wane kari ne wannan, wane ma'aunin waƙa ka bi?

Na Dambatta:
Igiya mai tsawo ita ke kaiwa ga ruwa,
Taka gajeriya a bakin rijiya take tsayawa.

Uwar Gida, Ɓaɓura:
Ai ba da ƙidayar gaɓa kawai ake auna kari ba, sai an duba mai nauyi da marar nauyi, a ga yadda ƙafafun waƙa, wato rukunin gaɓoɓi, suka jeru. Shi da ya haɗa "gani" da "wani", wace wahala ya sha?

Ɗan Gezawa:
Inna, ko da nauyin aka auna, ɗangon ƙarshen nan ya karye. A rera shi a ji.

Mai Shirya Wasa, Ringim:
Kati na biyu: suna fuskantar juna aka bugi mamaci. Duk huɗun da dama suke cin tuwo.

Hajiyar Kazaure:
Ku bar faɗan kari ku dubi wata,
Daren 26 ba ya saurin fita,
Sai goshin asuba, siriri kamar farata,
Shaidar farin wata maƙwabci ne ya kitsa ta.

Matashin Gumel:
Yaya, ƙaryar shaida kaɗai ba ta kama shi, ƙila wani yake karewa. Ga tawa:

In an fuskanci juna aka kai bugu,
Mai dama kan sami kai ta gefen hagu.
Rauni na dama, wannan aikin bahago,
A duba tafin maƙwabci da na ɗan ƙodago.

Da ta baya aka buge shi, da lissafin ya juya. Cin tuwo kuwa ba ya tona bahago, tun yana yaro ake hora shi ya ci da dama. Hannun da ke riƙe lauje shi ke yin kanta. A ba mu kati na uku.

Mai Shirya Wasa, Ringim:
Ɗan ƙodago: kanta a dama, silifa a ƙafa. Maƙwabci: kanta a tafin hagu, takalmin taya. Gumel maki 5, Kazaure 4, Dambatta 3. Gezawa, 2 sun zube.

Ɗan Gezawa:
Na janye, makiyayi ya yafe mani,
Wata da kanta sun gama bayani.
Amma Malam, ɗangon nan na takwas
har yanzu ina jiran ka gyara shi in gani.

Uwar Gida, Ɓaɓura:
To, naka na ukun nan fa, ina amsa-amonsa?