Neman shawara: yadda zan ƙarfafa kafaɗata don dukan sama a wasan badminton

Mai tambaya, daga Mabera a Sakkwato:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗan koyo ne a wasan badminton, wanda ake buga ƙwallo mai gashin tsuntsu da raket ta saman raga, muna bugawa da yamma bayan la'asar tare da abokan aiki. Damuwata ita ce duk lokacin da na ɗaga raket sama da kai domin in aika ƙwallon zuwa ƙarshen fili ko in sauke shi da ƙarfi, sai dukan ya fita ba nauyi, kuma idan wasa ya yi nisa sai in ji bayan kafaɗata ta dama ya gaji yana zogi. Wani aboki ya ce in fara ɗaga ƙarfe mai nauyi. Kafin in bi maganarsa, ina roƙon waɗanda suka sani su nuna mini atisayen da ya dace.

Wani dattijo da ya daɗe yana wasan, daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara lura da cewa ƙwallon badminton bai wuce giram 5 da ɗan ɗoriya ba, raket ɗin kuma bai kai giram 100 ba, saboda haka abin da ake bukata shi ne sauri da tsari, kuma ƙarfe mai nauyi ba ya koyar da ko ɗaya daga cikinsu. Ƙarfin dukan sama daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu da juyawar ƙirji, sannan ya ƙare da murɗawar hannu tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Mafi yawan masu koyo suna tsayawa ne suna fuskantar raga kai tsaye, sai kafaɗa ita kaɗai ta ɗauki aikin da ya kamata jiki duka ya raba. Ka juya gefe, ka kai ƙafar dama baya, ka isa bayan ƙwallon kafin ya sauko, ka kuma sassauta riƙon raket har sai lokacin dukan.

Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai zan ƙara da abin da ya shafi kafaɗar kanta, domin gyaran tsayuwa kaɗai ba zai wadatar ba idan tsokokin suna da rauni. Ƙanena, gaɓar kafaɗa ba ta da zurfi, shi ya sa take juyawa ko'ina, kuma abin da ke riƙe kan ƙashin damtse a mazauninsa shi ne wasu ƙananan tsokoki 4 da suka taso daga allon kafaɗa. Bayan ka buga ƙwallo, hannun yana ci gaba da tafiya da gudu, kuma tsokokin bayan kafaɗa ne ke taka masa birki. Wannan ne ya sa a can baya kake jin gajiyar, kuma a can ya kamata a fi mayar da hankali.

Ka nemi roba mai talewa, ko da ta cikin tayar keke ce, ka ɗaure ta a ƙofa daidai tsayin cibiyarka. Ka tsaya a gefe, ka naɗe ƙaramin tawul ka matse shi tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari, gwiwar a lanƙwashe, sannan ka ja robar zuwa waje ba tare da gwiwar ta rabu da tawul ba. Dawowar ita ce mai muhimmanci: ka mayar da hannun a hankali kana ƙirga uku, domin a nan ne tsokar ke koyon aikin birkin da na ambata. Ka yi sau 12 zuwa 15, ka huta, ka maimaita har zagaye uku. Bayan shi, ka fuskanci ƙofar ka ja robar zuwa ƙirjinka da hannu biyu kana haɗa allunan kafaɗa a baya, ba tare da ka ɗaga kafaɗun zuwa kunne ba. Haka kuma ka kwanta rub da ciki a bakin gado, ka ɗaga hannu zuwa gefe babban yatsa yana kallon sama, da farko hannu wofi, daga baya da ƙaramar gorar ruwa ta rabin lita. Sau biyu ko uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani, kuma kada ka sa ran ganin canji kafin mako 6 zuwa 8.

Wani matashi, daga Arkilla:
Hajiya, ina neman afuwa, amma ni ina ganin atisayen tura ƙasa da hannu yana da amfani, domin tun da na riƙe shi dukana ya ƙara kaifi. Shin a bar shi ne gaba ɗaya?

Ma'aikaciyar gashin ƙashi:
Ba a ce a bar shi ba, ƙanena. Yana gina ƙirji da gaban kafaɗa, waɗanda dama wasan yana ƙarfafa su, don haka wanda ya tsaya a kansa kaɗai yana ƙara wa gaba ƙarfi ne ya bar baya da rauni. A yi shi, amma atisayen ja ya kai yawansa ko ya fi shi. Ga mai tambaya kuma, idan zogin ya fara hana ka barci a gefen dama, ko ka kasa ɗaga hannu, ko ka ji yatsu suna mutuwa, ka dakatar da wasan ka je a duba ka, akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ina roƙonka kada ka sha maganin kashe ciwo irin su diclofenac don ka samu damar shiga fili, domin yana ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa, kuma yana iya taɓa ƙoda da ciki, musamman a zafin Sakkwato na watan Afrilu da mutum ke zubar da gumi sosai.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Baba da Hajiya. Shin in yi atisayen robar kafin wasa ko bayansa?

Dattijon Runjin Sambo:
Kafin wasa ka yi zagaye ɗaya mara nauyi bayan ka ɗan yi sassarfa ta minti 10, musamman da hunturu da jiki ke jinkirin ɗumama, kuma ka fara da dukan sama mai taushi kafin mai ƙarfi. Cikakken atisayen kuwa ka bar shi zuwa bayan wasa ko ranar da ba ku fita ba, domin tsokar da ta riga ta gaji ba za ta riƙe maka gaɓar ba a cikin fili.