Fim ɗin gawa mai tsalle: in saka wa yara ko in bari?

Mai gidan kallo, Garwa: Assalamu alaikum. Ina da gidan kallo a unguwar Yelwa, kuma duk ranar da babu ƙwallo daga ni sai bencina. An ba ni shawarar in riƙa saka fina-finan ban dariya na masu shan jini, irin Mr. Vampire da aka yi a Hong Kong a 1985, inda gawa ke tsalle da hannuwa a miƙe har sai boka ya manna mata takarda ruwan ɗorawa a goshi. Sai dai masu zuwa da la'asar yawancinsu yara ne. In saka musu ko in bari, kuma nawa ake tura fim ɗin mai fassarar Hausa?

Ɗan Marwa: Dala ashirin ake tura kowanne a mimori, kada ka ƙara ko dala.

Direba, Kusiri: Ni dala hamsin na biya a makon jiya, kuma rabin fim ɗin babu murya. Malam, ka saka na Indiya ka huta.

Hajiya, Ngaundere: Ɗana, kada ka fara. Yaran layinmu sun kalli irinsa, mai fassarar kuwa tun daga farko har ƙarshe "maye" yake cewa. Ba a yi kwana uku ba suka laƙaba wa gwaggona, tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a zaure, suna toshe hanci suna gudu idan ta fito, wani ma ya manna mata takarda a goshi tana gyangyaɗi. Manya suka yi ta dariya, amma ciniki ya tsaya, magana ta kai gaban mai unguwa, daga ƙarshe ta tattara ta koma ƙauye. Har ta rasu ba ta sake taka gidanmu ba.

Ɗalibi, Njamena: Allah Ya jiƙanta, Hajiya, amma laifin mai fassara ne. Maye kurwa ake cewa yana kamawa, wannan kuwa gawa ce da ke bin numfashin mutum, shi ya sa jaruman ke riƙe numfashi har ido ya raina fata, kuma a nan dariyar take.

Hajiya, Ngaundere: Idan ka haifa ka dawo mu yi wannan bayanin.

Mai kayan miya: Masu shan jini na Turawa tafarnuwa suke tsoro, na Sin shinkafa mai danƙo. Tafarnuwa dai tana nan a teburina, a zo da kuɗi hannu.

Direba, Kusiri: Ɗalibi ya yi gaskiya a kan masu fassara. Wanda na saya, gawa na bin mutane shi kuma yana gaishe da abokansa na kasuwa da tallan lambar wayarsa.

Ɗan Marwa: Ai wannan da sauƙi, nawa sunan garinmu ya saka wa maƙabartar.

Mai gidan kallo, Garwa: Jama'a, gobe Alhamis babu ƙwallo, in saka ne?

Direba, Kusiri: Wace maƙabartar, ta farko ko wadda suka tone?