Idan babur ya buge dabba a hanyar ƙauye: shawarar makanikan Kano

Makanikai da 'yan acaɓan da suka tattauna batun a Kano sun ce barewa sai a daji irin na Falgore, amma akuya da tunkiya kullum ne, kuma ɓarnar iri ɗaya ce. An fi yin karon da asuba da magariba. In ɗaya ta tsallaka, rage gudu, wata na biye da ita. Ka taka birki babur yana miƙe, ba a karkace ba, kar ka yi kwanar gaggawa a kan yashin gefen titi.

Wajen gyara, kowa fitila da madigadi yake kallo, alhali shokozoban gaba ne abin tsoro. A ciro sandunan biyu, a mirgina kowacce a kan gilashi. In ta yi ɗingishi ta lanƙwashe, canji ne maganinta, don wadda aka miƙe da guduma tana cin sil, wato robar da ke tare man shokozoba, mai ya riƙa zuba. A ɗaga gaban babur a juya kan hagu da dama, in yana sarƙewa boris ɗin wuya ya lotsa. A juya tayar gaba a duba ko rim yana rawa.

Hular kwanon da ta bugi ƙasa kuwa, ko ba ta tsage ba, a sauya ta.