Tirelar kwana da na haɗa tana lilo a kan kwalta

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu walda da kanikawa kan ƙaramar tirelar kwana da na haɗa a kan ƙarfen tayoyin baya na tsohuwar Hilux, domin tafiya hanyoyin daji. A kan burji tana bin mota lafiya lau, amma da zarar na hau kwalta gudu ya kai kilomita 70, sai ta fara lilo har sitiyari ya riƙa fizga. Tankin ruwa mai lita 100 yana bayan tayoyi, kuma ina zargin shi ya rage nauyin da ya kamata ya sauka kan mahaɗin mota, wato inda ake ɗaura tirelar a jikin mota. Shin matsar da tankin gaba zai wadatar, ko dole in matsar da tayoyin tirelar zuwa baya?