Ina za a ga tsofaffin rediyo a Kaduna, kuma yaya zan yi da Grundig ɗin Baba?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Muna gyara ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai muka ciro rediyonsa. Grundig ce mai akwatin katako, gabanta gilashi da sunayen biranen Turai a jere, cikinta kwalabe ne kamar ƙwan fitila. Ƙannena sun ce a sayar wa 'yan gwangwan, ni kuwa raina bai ba ni ba. Yarana ba su san rediyo ba sai a waya. Shin akwai inda aka tara irin waɗannan a garin nan in kai su su gani? Sannan in jona ta da wuta in ji ko tana magana?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ɗan'uwa, don Allah kada ka jona! Rediyon da ta daɗe a ajiye, kafasitocinta, wato 'yan kayan da ke riƙe wuta a cikinta, sun bushe, da ka ba ta wuta kai tsaye sai taransifoma ta ƙone, ita kuwa ba ta samuwa da sauƙi. Wutar da ke yawo a cikin mai kwalba ta haura bolt 200, kuma ko an zare fulogi wani kafasita yana riƙe da sauranta, to hannu ya yi nesa da bayanta. Mu sai mun ratsa ƙwan fitila tsakaninta da soket, idan ƙwan ya yi haske sosai mun san akwai matsala a ciki tun kafin a yi ɓarna. In ta tashi kuma ba za ta yi magana nan take ba, sai kwalaben sun ɗauki zafi. Wannan jiran da cin wuta su suka kayar da irinta. An ƙirƙiro taransisto, ɗan abin da ya maye gurbin kwalba, a Amurka a 1947, rediyonsa ta shiga kasuwa a 1954, ga ta ƙarama, ga batir, makiyayi ma sai ya rataya a kafaɗa. Ka nemi dattijon mai gyara, ba yaran da suka tashi kan gyaran waya ba.

Malamar Tarihi:
Ka fara da gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu da Arewa House a titin Rabah, ka gaya wa ma'aikata abin da kake nema. Amma in rediyon kansu kake son yara su taɓa, shagunan tsofaffin masu gyara sun fi. Na shiga wani a Kasuwar Barci, kantarsa cike da rediyoyin National da Philips waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba, kowacce ya san labarinta. Abin yana damuna ƙwarai. A nan aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, zamanin Sardauna, aka mayar da rediyon ƙarƙashin tarayya a 1978. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979. Duk ta waɗannan akwatuna suka shigo gidajenmu, yanzu kuma ana auna su a sikeli a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. Garin da ya yi wa Arewa magana ya cancanci ɗaki guda na rediyo.

Baba Kawo:
Yaro, kada ka sayar. A zauren unguwarmu rediyo ɗaya ce, bayan isha'i kowa ya hallara, eriya waya ce muka ɗaura a bishiyar dalbejiya. Rediyon Kaduna a mita 49 muke kamawa, ranar Zaɓi Sonka ba mai tari har sai an gama karanta gaisuwa. In an gyara, ka gwada gajeren zango da dare, ya fi kamawa, ka kuma cire cajar waya da ke kusa, ita ke kawo ƙara.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Baba, na gode kowa. Ba zan jona ba. Malama, ta wace ƙofa zan shiga kasuwar in sami shagon? Asabar nake so in je da yaran.