Wa ya haƙa tafki a saman dutse?

Malamar Kawo: Salamu alaikum. Jiya ɗalibata ta nuna min hoton tafkin Louise na Kanada, ruwa shuɗi kamar an jiƙa baba. Ta ce, "Malama, wa ya haƙa shi?" Na san tafkin Kangimi na Kaduna mutane suka datse, amma wannan fa? Abin ya tsaya min a rai.

Baban Barnawa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanƙara ce. Dusar ƙanƙara takan taru shekara da shekaru har ta zama dutse guda, tana gangarowa a hankali tana kankare ƙasa kamar fartanya. Tsakuwar da ta turo gaba ita ke tare bakin kwarin. Da ta narke, sai ruwa ya cika ramin. Shuɗin nan kuwa garin dutsen da ta niƙa ne ke yawo cikin ruwan.

Ɗan Rigasa: Baba ya gama magana. Ko a Afirka akwai irinsu, a tsaunukan Ruwenzori na Yuganda. Ni dai tsoronsu nake ji: a 2023 wani ya ɓalle a Sikkim ta Indiya, ya cinye garuruwa.

Malamar Kawo: Na gode ƙwarai. Gobe zan kai ƙanƙara da yashi aji su gani.